Farin Yadin Inna

Ni ce na yanka likkafanin mahaifiyata tana raye, tana zaune lafiya lau a falonmu na unguwar Soundview da ke Bronx tana jan carbi. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina. Ba gobara ce ta ci shi ba, ba ɓarawo ne ya ɗauka ba. Almakashina ne mai jan mariƙi, kuma ranar da na yi yankan hannuna ko rawa bai yi ba.

Abin ya faro ne daga gidan da mijina Hamidou ya saya a duwatsun Catskill, tafiyar awa uku daga birni in hanya ba cunkoso. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a bakin titin Canal Street yana sayar da jakunkuna da tabarau, rana ta dake shi, sanyi ya dake shi, bakinsa kuwa magana ɗaya: shi dai kafin ya mutu yana so ya taka ƙasar da ba mai ce masa ya matsa. To, ya samu. Ranar da ya kai ni in gani, na tsaya cikin ciyawa har gwiwa na riƙe haɓa. Gidan katako ne da ya girmi kakata, ya ɗan karkata gefe guda. Rufin yana yoyo wuri huɗu, katakon daɓen kicin ya ruɓe, ɓeraye kuma sun riga mu tarewa har sun ga jikoki.

Ya ce, "Madam, yaya kika gani?"

Na ce, "Na ga dai sun samu mai saye."

Bai ji haushi ba, don ya san halina. Bakina ke fara ƙin abu, daga baya in fi kowa zaƙewa a kai. Kafin mako uku ni ce ke tashinsa da asuba in ce ya tayar da mota. Asabar da Lahadi ranakun ciniki ne a wurinsa, saboda haka muka mayar da Litinin zuwa Laraba ranakun gyara. Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, sai na roƙi a tattara min kwanakina zuwa ƙarshen mako. Haka muka ci bazarar nan, shi a kan rufi da guduma yana ta salati, ni a ƙasa ina kankare tsohon fenti hawa biyar daga jikin tagogi. Mutumin da bai taɓa kafa ƙusa a miƙe ba, sai ga shi yana kallon waya yana koyon aikin kafinta, ya yi, ya ɓata, ya sake.

Inna ce kawai ta ƙi zuwa. Hajiya Balki sunanta, shekararta shida a wurinmu, tun bayan rasuwar mahaifina a Maraɗi. Duk lokacin da na yi mata tayin tafiya, amsarta ɗaya ce.

"Mi zan je yi? Na baro daji a gida, in hau jirgi in zo in shiga wani dajin? Ku tahi lahiya."

Ba ita kaɗai muke bari ba. Tana da ƙawa a benen da ke samanmu, Hajiya Hamdatu, mutuniyar Kumasi, tare suke wuni suna musu a kan Hausar wa ce ta gaskiya. Duk da haka ƙin zuwan nan ya tsaya min a rai. Na zaɓi ɗakin da ya fi kowane haske, wanda tagarsa ke kallon gabas, na ce na Inna ne, ko tana so ko ba ta so. Na kuma ƙudurta zan ɗinka mata bargo da hannuna, don safiyar duwatsu akwai sanyi ko a tsakiyar watan Yuli.

Ɗinkin bargon ƙyallaye na koya ne a wurin wata tsohuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, Misis Loretta, da na yi wa aiki shekara huɗu a unguwar Harlem. Hawa uku ake yinsa. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da gutsattsarin yadi kala-kala, sai auduga a tsakiya, sai shafi a baya, wato yadi guda shimfiɗaɗɗe. Daga nan a bi duka ukun da allura da hannu, ɗinki ƙanana-ƙanana, har su zama abu ɗaya. Ƙyallaye ba su ba ni wahala ba. Bayan Babbar Sallah na je wurin Abdul-Razak tela a titi na 116 a Harlem, ya cika min manyan ledoji biyu da ragowar atamfa da shadda, yana murna an rage masa shara. Da hantsi in yi fenti, bayan azahar in wanke hannu in zauna a baranda da keken ɗinki. Cikin mako uku fuskar bargo ta haɗu, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau.

Sai ya rage saura shafi, ni kuwa ban zo da shi ba.

Ranar Talata ce, Hamidou ya tafi da mota sayo katako. Kantin yadi mafi kusa tafiyar minti arba'in ne. Mai hankali sai ya haƙura zuwa mako mai zuwa, amma ni in na ɗauki abu da zafi ba na jin kira. Na tuna da kayan da muka kwaso daga Soundview don mu samu wurin numfashi a ɗaki, har da wani tsohon akwatin Inna da ya daɗe a kan kabad ba a sauke shi ba. Na dai ce mata za mu kai kayan da ba a amfani da su can, ta gyaɗa kai tana sauraren wa'azi a waya. Ban ce mata har da akwatinta ba.

Na buɗe shi ina neman tsohon zanen gado. A ƙarƙashin zannuwanta na da, cikin wata rigar matashin kai, na ci karo da farin yadi, ninki a kan ninki, mai yawa. Yana ƙamshin turaren wuta, jikinsa da ɗan shatin ruwa da ya bushe tuntuni.

A nan ne nake so in ce ban sani ba. Amma a Maraɗi na girma har na yi shekara goma sha tara, kuma duk 'yar da ta tashi a can ta san abin da tsohuwa ke ɓoye farin yadi dominsa. Zuciyata ta faɗa min, na ce ta yi min shiru. Na ce ai Inna ba ta taɓa zancensa ba. Na ce farin yadi ai farin yadi ne, in ma shi ne, Harlem cike take da irinsa. Na ce bargon ma ai nata ne. Kafin in gama jera wa kaina dalilai na riga na shimfiɗa shi a ƙasa na sa almakashi.

Na yanki falle biyu daidai tsawon bargon, na haɗa su a keke suka zama shafi. Da ma a nan na tsaya. Da na ga yadin mai kyau ne, sai na yi wa tagogi uku gajerun labulaye da shi. Na tsaga wani siriri-siriri na yi bakin bargo. Guntayen da suka rage kuwa, Allah Ya yafe min, da su na riƙa goge fenti a hannuna. Hamidou ya dawo ya ga labule ya ce yanzu gida ya fara kama da gida, ni kuma na karɓi yabon har da murmushi.

Mako huɗu na yi ina bin bargon da allura, yatsana ya huje ya warke ya sake hujewa. Na gama a farkon Agusta, na shimfiɗa shi a gadon da na tanadar wa Inna, na ja ƙofa. A makon nan ne Hajiya Hamdatu ta rasu, ranar Juma'a, kwana biyu kawai ta yi a asibiti.

A gidanta aka yi zaman makoki. Mata sun cika falo har kicin, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, kowa da irin Hausarsa. Ina raba ruwa a tire sai na ji babbar 'yar marigayiyar tana ba da labarin yadda suka yi ta buge-bugen waya suna neman likkafani, daga ƙarshe masu shirya gawa ne suka ba su nasu a cikin leda. Inna ta girgiza kai. Idonta ya kumbura da kuka, amma muryarta ba ta rawa.

Ta ce, "Ni kam alhamdu lillahi, ba zan wahal da kowa ba. Nawa shina nan cikin balis ɗina, akwatin nan nawa. Shekarar da muka yi hajji da Malam maigidana, bandir guda muka saya a Makka. Mu biyu muka jiƙa shi da zamzam, muka shanya a rana, shina riƙe da baki ɗaya, ina riƙe da ɗaya. Da muka dawo gida ya raba shi biyu da hannunsa. Rabinsa shina jikinsa yanzu a Maraɗi. Rabina shina jirana."

Mata suka yi ta cewa masha Allah. Ni kuwa na nemi wuri na ajiye tiren kafin ya suɓuce, na shiga banɗaki na kulle ƙofa na zauna a bakin baho.

Ban je jana'izar mahaifina ba. Lokacin takarduna ba su fito ba, in na fita ƙasar ba dawowa, a waya kawai aka ce min an kai shi. Ban ga abin da aka naɗe shi da shi ba, ba kuma wanda ya taɓa ba ni labarin bandir. Na so in riƙe wannan a matsayin hujja, amma ta ƙi riƙuwa. Ko ban san labarin ba, na san mene ne yadin.

Da muka sauko gida da yamma Inna ta ce, "Hirdausi," haka take kiran sunana, Firdaoussi, "sauko min da balis ɗin nan in duba kayana. Mutuwar Hamdatu ta taɓa ni."

Na ce akwatin yana can gidan dutse, mun kai shi ajiya tare da sauran kaya.

Ta dube ni. "Wa ya ce ki kai?"

"Laraba zan dawo miki da shi, Inna."

A nan ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya, laifin ya tsaya ɗaya. Maimakon haka, ran Lahadi da na tashi daga aiki na zarce Harlem. Na shiga kanti uku ina murza farin yadi tsakanin yatsuna har na samu mai kama da wancan. Daga nan na je gidan wata maƙwabciyarmu da ta dawo daga hajji, na ce Inna ce ba ta jin daɗi, ko za ta sam min zamzam. Baiwar Allah ta ba ni 'yar kwalba guda, har da addu'ar Allah Ya ba Hajiya lafiya. Na ce amin da bakina.

Litinin muna kan hanya Hamidou ya ga ƙullin a kan cinyata ya tambaya. Na faɗa masa komai ina kallon titi. Ya yi salati, ya kauce gefen hanya ya tsayar da mota.

"Labulen nan?"

"Har da labulen."

"Wanda na tsaya ina yabo?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ki faɗa mata. Ba next week ba, yau. In kina so in juya yanzu mu koma Bronx. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Na taso masa da faɗa. Na ce tsohuwa mai hawan jini, ƙawarta ko kwana uku ba ta cika ba, so yake in kashe ta? Na ɗaga murya sosai, don na san ba ita nake karewa ba.

Ya ce, "Bon, shi ke nan. Ni ba hannuna a ciki. Amma in Hajiya ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na ce ai surukar da ba ta iya cin abinci a gabansa ba za ta tsare shi da tambaya ba. Ya tayar da mota muka ci gaba da tafiya.

'Yar kwalbar zamzam ba za ta jiƙa yadi mai yawa haka ba, saboda haka na juye ta a bokiti na cika da ruwan famfo. Na tsoma yadin, na shanya shi a igiya bayan gida, Hamidou yana kan rufi yana ganina. Da ya bushe na turara shi da turaren wuta, na ninke shi yadda na tarar da wancan, na cusa a rigar matashin, na mayar ƙarƙashin zannuwa. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar nan ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Laraba da la'asar na ajiye akwatin a gaban Inna. Ta goge hannu a zanenta, ta yi bismilla, ta buɗe. Ta kawar da zannuwan gefe, ta zaro yadin ta ɗora a cinya tana shafawa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jira ta gane. Wallahi har fata nake ta gane, ta zage ni, a wuce wurin. Amma idon Inna ya yi rauni, kuma ba ta da dalilin zargin 'yarta. Ta kifa fuskarta a cikin yadin ta daɗe, kafaɗunta suna motsi, tana yi wa mahaifina addu'a a hankali.

Da ta ɗago ta ce, "Zo nan, ɗiyata." Ta kama hannuna ta ɗora a kan yadin. "Ke za ki sa ni a ciki. Kada ki bari a sa ni a na leda. Kin ji?"

Na ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ta hana ni sakat. Mako biyu abinci ba ya min daɗi. In na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. A wurin aiki na yi wa wani tsoho tsawa don ya zubar da shayi, mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa, na koma kicin ɗinsa ina hawaye. Inna kuwa ta sa an tura mata akwatin ƙarƙashin gadonta, wani lokaci in ga ta sunkuya ta taɓa shi kawai ta koma ta zauna. Duk sanda na gani sai in fita daga ɗakin.

Tunda Hajiya Hamdatu ba ta nan, babu wanda za mu riƙa barin Inna a wurinsa. A makon ƙarshe na Agusta da kanta ta ce za ta bi mu, amma a sa mata balis ɗinta a mota, don ba ta sake rabuwa da shi. Ta zauna a baya, Hamidou yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Da muka isa ta fito ta dubi itatuwa, ta dubi gidan da yanzu ya sha farin fenti, ta taɓe baki ta ce iska dai akwai. Wata barewa ta gilma ta bayan gida, ta tambaya ko ana yankawa, Hamidou ya durƙusa ya ce sai da takarda, ta ce ƙasar nan komai sai da takarda.

Na kai ta ɗakinta. Rana tana shigowa ta cikin labule, bargon yana shimfiɗe a gado. Ta tsaya, ta sa hannu tana bin ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, tana bin layin ɗinkin da farcenta.

"Ke kika yi wannan? Da hannunki?"

Na ce eh.

"Duk wannan ɗinkin? Saboda ni?" Ta juyo da fara'a irin wadda rabona da gani tun Malam yana raye. "Allah Shi yi miki albarka, Hirdausi. Allah Shi ba ki masu yi miki."

Zagi da zan iya ɗauka. Albarkar ce na kasa. Na kama gefen bargon na juya shi, farin ya koma sama, na zube a ƙasa.

"Inna, wannan shi ne naki. Shi ne na Makka. Na cikin balis na Harlem ne, ni na sayo."

Na faɗa mata duka, ban rage ba: yadda na buɗe akwatin, yadda na gane na ƙi tsayawa, labulen, fentin, bokitin ruwan famfo. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado ta ɗora tafin hannunta a kan farin, ta ɗaga kai ta dubi labulen taga.

Can ta ce, "Wanda na yi kuka a cikinsa fa?"

"Na Harlem ne."

"Kina tsaye kina kallona."

"Ina tsaye."

"Na ce ke za ki sa ni a ciki, kika ce to."

Ta ce, "Hita." Na fita na ja mata ƙofa. Ranar nan ba ta ci abinci ba, a ɗaki ta yi sallolinta. Hamidou ya ajiye guduma ya koma can nesa yana sassabe, don kada ƙara ta dame ta.

Washegari da hantsi ta kira ni. Na tarar ta cire labulen ɗakinta da kanta, ta ninke, ta ce in je in ciro sauran biyun. Da na kawo ta ce, "Kawo reza. Ki warware shi. In kika yanki zare ɗaya na yadin, ni da ke ne."

Aikin mako huɗu, kwana biyu ya ɗauke mu rushewa. Muka zauna a ƙasa, bargon a tsakaninmu, ina tsinke ɗinki ɗaya-ɗaya da bakin reza, ita tana zare guntayen zaren tana tarawa a murfin kwano. Ban san na yi ɗinki da yawa haka ba sai da na zo kwancewa. Ba ta ce min komai sai "a hankali". Sau ɗaya na buɗe baki na ce ta yafe min, ta ce in duba abin da nake yi. Fuskar bargon da audugar muka ture su gefe, ba wanda ya sake kallonsu. Laraba ta zo, ranar komawa, Hamidou ya leƙo ya ga ba mu gama ba, ya koma ya kashe mota.

Da azahar ta wuce na raba falle biyun da na haɗa a keke. Inna ta ɗaga ɗaya a haske. Duk jikinsa hudar allura ce, layi-layi, ana hango rana ta ciki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fara rabo kamar mai shirin kayan wani.

"Likkafanin mace biyar ne. Labulen nan za su yi kallabi da riga da zane, in an lallaɓa. Waɗannan biyun su ne na naɗi." Ta dubi tsawonsu. "In sun kai."

Ta sa na share ɗakin, na shimfiɗa falle ɗaya a kan katako. Ta auna taƙi biyu daga bakin sama, ta ce wannan na ɗaurin kai ne. Sai ta cire takalminta, ta dafa gado ta sauka ƙasa da ƙyar, ta kwanta rigingine a kan farin. Ta miƙe hannuwanta a gefe ta rufe ido.

Na ce, "Inna, don girman Allah ki tashi."

"Ba ke kika iya awo ba? Duba min. Ya ruhe ƙafa?"

Inna doguwa ce, duk danginsu haka suke. Na koma wajen ƙafafunta na duba. Yadin ya ƙare a idon sawunta, dugaduganta suna kan katako tsirara, balle a yi zancen abin ɗauri. Idonta a rufe yake, ba ta gani. Kalma biyu ce kawai, ya kai, kuma bakina ya riga ya saba da ƙarya.

Na ce, "Bai kai ba, Inna. A idon sawu ya tsaya."

Ina jin ƙarar addar Hamidou daga nesa. Ba ta buɗe ido ba. Sai na ga ta fara jan ƙafafunta a hankali, gwiwoyin nan da suka sa take salla a kan kujera suna ƙara, tana cije leɓe, har dugaduganta suka hau kan farin.

Ta ce, "Yanzu fa?"

Na durƙusa na kama ƙafafun nan biyu da hannuwana. Da ɗuminsu. Na fashe da kuka.